Bakuna Arba'in da Ɗaya a Kan Tebur

Ranar Talata ce. An wayi gari da hadari, ya yi ta gurnani har hantsi, bai zubar da ko ɗigo ba. A ranar Dakta ya manta kwamfutarsa a cikin tasi.

Ba likita ba ne. Haƙoran roba yake haɗawa, shekara ashirin da bakwai, a wani shago mai ɗaki biyu tsakanin mai guga da mai fenti. Shi ya raɗa wa kansa Dakta, ya sayi farar riga ya ɗora a kai. Mutane suka ga abin bai kai na faɗa ba, suka bar masa. Aiki kam ya iya. In ya sa wa mutum haƙori, sai matarsa ta shekara tana kallon bakin ba ta gane ba.

Sana'ar tasa a kan abu guda take tsaye: kada a sani. Ba wanda yake so a ce haƙoran da yake murmushi da su a kofi suke kwana. Don haka ba mai shiga ta ƙofar gaba, in ban da shi da ƙudaje. Mai buƙata sai ya ƙunso riga ɗaya ko biyu, ya shiga shagon mai guga kamar ya kawo aiki, ya ratsa ta bayan kayan da aka rataye, ya tura wata 'yar ƙofa, sai ga shi a kujerar Dakta. In an gama ya fito da rigarsa a goge. Mai guga ya samu, Dakta ya samu, asiri ya rufu. Ranar da aka san masu bin ƙofar nan, ranar shagon ya mutu. Dakta ya fi kowa sanin haka.

Duk bakin da ya auna yana da siffarsa ta farin siminti a kan kanta, muƙamuƙin sama da na ƙasa, da giɓinsa da karkatarsa. Ba suna a jiki, lamba ce kawai da fensir a gindi. Na waɗanda yake kan hulɗa da su guda arba'in da ɗaya ne. Sunayen, da lambobin waya, da hoton kowane baki kafin gyara da bayan gyara, duk suna cikin kwamfutar. Ita ce ta zauna a kujerar baya ta tasi yayin da yake koya wa direban tuƙi.

Ya faɗo shagon mai guga ba sallama. Matarsa na nan, ta kawo masa abincin rana.

"Kwamfuta ta tafi," in ji shi.

Ta ajiye kwano. "Ta tafi ina? Ƙafa gare ta?"

"Tasi."

"Ka riƙe lambar motar?"

"Ina na ga lokacin kallon lamba? Mutumin bai iya shan kwana ba, sai da na zauna masa a kai."

Mai guga ya danna dutse a wuyan wata riga, ya ɗaga. "To ka ja bakinka ka yi shiru, Dakta. Direba ya sayar, mai saye ya goge, magana ta ƙare."

"Shiru?" Dakta ya tura 'yar ƙofar, ya nuna wata takarda a cikin gilashi a bangon shagonsa. "Ka san mene ne wancan, maƙwabci?"

Mai guga ya sani. Kowa ya sani. Bara aka tara masu ƙananan sana'o'i aka yi musu bitar yini ɗaya kan dokar kare bayanan mutane. Dakta ya yi barci daga bayan shan shayi har aka fara raba takardar shaida, amma ya fito da abu biyu a kansa. In bayanan mutane suka kuɓuce maka, ka sanar da hukuma cikin kwana uku. Masu bayanan kuma ka gaya wa kowa abin da ya fita nasa.

"Manyan kamfanoni ɓoyewa suke yi sai jarida ta tone su," in ji shi. "Ni zan nuna musu yadda ake aiki. Kowa sai ya ji nasa, kowa sai ya sa hannu. Ku jira ku gani, a rediyo za a kira ni."

"A wajen 'yan sanda dai," in ji matar.

Bai kula ta ba. Nan take ya buga wa ofishin da ke kula da dokar, ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, ya faɗi ko shi wane ne da tsawo. Ya ce su turo babban jami'i ranar Juma'a da azahar ya ga abin koyi, in da hali ya zo da mai ɗaukar hoto. Sai da ya kashe wayar ya tuna lambobin mutanen duk suna cikin tasi. Sannan ya tuna wani abu da ya fi wannan muni. Shekara ashirin da bakwai yana leƙen baki, bai taɓa ɗaga kai ya dubi fuska da kyau ba. A cikin arba'in da ɗayan nan, waɗanda zai rantse ya san inda suke ba su wuce biyar ba.

"Ƙaramin abu ne," in ji shi. "Mu fara da biyar ɗin."

Laraba da safe ya saka farar riga, ya rataya jaka. A ciki akwai ambulan biyar, kowace ya rubuta SIRRI a bayanta da jan biro, manyan baƙaƙe. Ya naɗe bakunan siminti biyar a jarida, tunda doka ta ce a nuna wa mutum ainihin abin da ya shafe shi.

Ya fara da mai nama. Ƙato ne, wuyansa kamar na sa. An san shi da abu ɗaya a kasuwa: in mace ta ce namansa ya yi tauri, sai ya yanki tsoka ɗanya ya tauna a gabanta, ya ce bakinta ne ya tsufa. Dakta ya tarar da mata bakwai a layi. Ya wuce su ya tsaya a bakin tebur.

"Bi layi, malam," in ji mai nama, bai ɗago ba.

"Ba nama na zo saye ba. Sirri na kawo maka."

Ya yi nufin raɗa ne, amma ana saran ƙashi, dole ya ɗaga murya. Saran ya tsaya. Matan ma suka tsaya.

Mai nama ya dube shi. "Ban san ka ba."

"Haba! Ka san ni mana. Sama shida, ƙasa huɗu."

"Na ce ban san ka ba."

"Madalla, haka ake so a gaban mutane. Ni ma ban san ka ba." Dakta ya kashe masa ido, ya miƙa ambulan. "Ka karanta in ka keɓe. Hoton ne ya fita, na kafin gyara, wanda gaban bakin dasashi ne zalla. Ga siffar nan na zo da ita don ka tabbata taka ce. Sa hannu a nan."

Jaridar ta warware a hannunsa. Muƙamuƙin siminti ya gangara kan tebur, ya tsaya kusa da hanta, ya washe. Wata tsohuwa a gaban layi ta sunkuya ta dube shi, ta ɗago ta dubi mai nama.

"Ɗan nan," in ji ta, "ashe ni da kai duk tafiyar ɗaya ce. Ka ce min bakina ya tsufa?"

Mai nama ya ɗaga adda ya sauke a kan ambulan. Ta rabu biyu. Dakta ya sure simintinsa ya bar wurin da sauri, bai tsaya ba sai a bayan masu tumatir. Can ya fito da takardar lissafin suna ya rubuta: An sanar. Ya ƙi sa hannu saboda aiki ya yi masa yawa.

Na biyu hedimasta ne mai ritaya, dattijo mai tsafta, wanda ko atishawa ba ya yi a gaban mutane. Ba ya gida, ya je karɓo jarida. Matarsa ce ta buɗe ƙofa, ta ga farar riga, ta ga jan rubutu.

"Lafiya, malam?"

"Ni ne Dakta. Maigidan nake nema."

"Dakta? Me ya same shi?"

"Ba zan iya gaya miki ba, uwargida. Doka ta hana. Tsakanina da shi ne, shekara tara ke nan. Shi ya roƙe ni kada ki sani."

Ta dafa ƙofa. "Shekara tara?"

"Ya yi ƙoƙari wajen ɓoyewa. Amma yanzu abin ya fita daga hannuna. Kwana biyu kawai ya rage."

Ihun da ta yi sai da tantabarun unguwa suka tashi. Kafin Dakta ya gyara zance maƙwabta sun cika tsakar gida. Wata ta riƙe uwargida, wata ta kawo ruwa, wani ya buga wa ɗansu da ke wani gari waya ya ce ya kamo hanya. Wani tsoho ya ce dama ya lura mutumin ya rame. Ana cikin haka hedimasta ya shigo da jaridarsa a hammata, ya tarar ana yi masa kuka. Matar ta faɗa a jikinsa.

"Shekara tara kana fama kai kaɗai! Me na yi maka da za ka ɓoye mini?"

Hedimasta ya hango farar riga, ya gane. Ya yi wa Dakta alama da ido ya fita. Dakta ya ɗauka cewa ake yi ya ceci al'amari. Ya hau kan dakali ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku! Ba mutuwa zai yi ba. Haƙora ne kawai! Sama da ƙasa, duka!"

Kukan ya tsaya cak. Matar ta ja da baya, ta ƙura wa bakin mijinta ido. Hedimasta ya rufe shi gam.

"Shi ya sa," in ji ta a hankali. "Shi ya sa kake kulle banɗaki."

Sauran ukun ba su fi haka kyau ba. Ɗaya ta sakar masa kare. Ɗaya ya hango farar riga daga nesa ya tsallake katanga ta baya, da furfurarsa. Na ƙarshe ya ƙaura tun bara. Labari ya riga Dakta zagaye unguwa. Da la'asar duk gidan da ya rage tafiya a ƙofarsa, sai ka ji an danna sakata, maƙwabta kuma su leƙo su riƙe lambar gidan.

Ya dawo gida kafin magariba, ya zauna a tsakar gida ya cire takalmi.

"Biyar cikin biyar," in ji shi.

Matarsa na tsince shinkafa a tire. "Na ji. Har a wajen famfo an ba ni labari."

"Ka ga? Har an fara magana."

"Baban yara, ka saurare ni sau ɗaya a rayuwarka. Duk mutanen nan ta shagon mai guga suke bi. Shi ya san fuskarsu, tunda shi fuska yake kallo. Ka rubuta 'yar takarda, ya soka wa kowa a aljihun rigarsa in ya zo karɓa. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

Ya yi dariya har da buga cinya. "A aljihu! Hukuma ta zo ta ce ina shaida, in ce tana aljihun mutane? Ke dai tsaya a kan shinkafarki. Wannan aikin masu takarda ne."

"Takardar da ka samo kana minshari?"

"Ko a barci na fi wasu fahimta."

Alhamis ya fita neman sauran talatin da shida. Dabararsa ita ce ya cika aljihu da siminti, ya tsaya a tashar bas, duk wanda ya yi masa kama da nasa ya ja shi da hira har ya yi dariya, shi kuma ya leƙa. Ya ba da labarin ban dariya goma sha ɗaya, ba wanda ya dara. Ya ce wa wani mai gemu, "Bawan Allah, ɗan yi hamma mana," mutumin ya kira ɗan sandan hanya. Wata mata ta maka masa jaka a kunne. Zuwa azahar ya gano mutum ɗaya tak, shi ma da ya duba sosai sai ya ga haƙoransa na Allah ne, munana ne kawai.

A hanyar dawowa dabara ta faɗo masa. Ya tsaya cak a tsakiyar titi har wani mai babur ya zage shi. Ya wuce kai tsaye wajen mai fenti.

"Allo nake so, babba. Fari, rubutu ja."

Mai fenti ya karanta abin da aka ba shi ya rubuta, ya sake karantawa. "Dakta, ka tabbata?"

"Akwai suna a ciki?"

"Babu."

"To ina sirrin da ya fita? Ni ban san su ba, su sun san kansu. Kowa ya zo ya ɗauki nasa. Wannan ko a ƙasashen waje ba su kai nan ba."

Juma'a da hantsi ya fito da dogon tebur ƙofar shago, ta gaba, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya jera bakuna arba'in da ɗaya sahu huɗu, kowane da ambulan a ƙarƙashinsa. Har na mai nama da na hedimasta ya mayar, tunda ba su karɓa ba. Ya kafa allon a sama: SANARWA TA SIRRI. DUK WANDA YA GANE BAKINSA YA ZO YA KARƁI TAKARDARSA. Ya ja kujera ya zauna a gefe da rajista da biro.

Mai guga ya leƙo, dutse a hannu. "Dakta, don girman Allah ka kwashe."

"Koma ciki, maƙwabci, kada ka ƙona wa mutane kaya."

Waɗanda aka yi domin su ba wanda ya matso. Waɗanda ba ruwansu kuwa suka cika titi. Direbobin tasha suka zo, masu kanti suka rufe suka zo, mata masu dawowa daga kasuwa suka sauke kaya. Da farko kallo ake yi daga nesa. Sai wani direba ya matsa ya nuna na uku a sahun gaba.

"Wallahi wannan muƙamuƙin na san shi. Dubi yadda na ƙasa ya turo gaba. Mai gidan hayarmu ne!"

Aka fashe da dariya. Shi ke nan, wasa ya buɗe. Wannan ya ce na bakwai na mai sayar da taya ne, wancan ya ce ƙarya ne, na mai taya ya fi faɗi. Wata ta ɗaga na goma sha biyu ta juya shi a rana kamar mai zaɓen kankana. Duk wanda ya zo wucewa sai a ce ya yi murmushi a gwada. Masu haƙoran gaske suka riƙa yawo baki a washe har kunne, suna ƙwanƙwasa haƙori da farce. Wanda ya wuce baki a rufe, an gama da shi. Wani bawan Allah da ciwon haƙori ne kawai ya dame shi, sai da aka bi shi da ihu har kwana.

Dakta ya miƙe. "Jama'a, ba a taɓawa! Kuma ba a canka. Doka ta hana ni cewa e ko a'a."

"Na tara na gwaggo mai kanti ne?"

"Ba zan ce ba."

"Na goma fa?"

"Wannan kam ba nata ba ne."

"To na tara ne!"

Sai wata mai kaifin kai ta dubi shagon mai guga, ta dubi na Dakta, ta dubi bangon da ya haɗa su. "Ku tsaya. Ba mu taɓa ganin kowa ya shiga ƙofar nan ba. Gwaggo kuwa zani ɗaya take kai wa guga sau uku a mako. Wane irin zani ne wannan?"

Kawuna suka juya wajen shagon mai guga gaba ɗaya. Wani mutum na fitowa daga shagon mai guga da rigarsa a leda, wanda tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa zama a kujerar Dakta ba. Aka yi masa caa. Ya yar da rigar ya buɗe baki yana ja da yatsa yana rantsuwa. Mutum biyu da ke tafe da ƙunshin kaya suka juya suka koma gida. Mai guga ya fito ya tsaya a ƙofa, fuskarsa ta yi baƙi.

"Ka kashe naka, ka haɗa da nawa," in ji shi.

"Haƙuri, maƙwabci. In rediyo suka zo zan ambaci sunanka."

Daidai nan matar Dakta ta iso da kwanon abinci. Ta ga taro, ta ga tebur. Idonta ya sauka a kan na goma sha bakwai, sahu na biyu. Ta ajiye kwanon a hankali, ta matso kamar mai gyara ƙyalle, ta saki gefen mayafinta a kansa. Saura kaɗan ta ɗauke. Maƙwabciyarsu ta gida, wadda suke ɗiban ruwa tare shekara ashirin, ta riƙe mata hannu.

"Tsaya, 'yar uwa, in ga wannan. Ƙaramin baki ne, na mace. Biyu na gaba babu." Ta ɗago ta dube ta. "Kai, a'a. Ke da wushiryarki da ake misali da ita."

Da Dakta ya yi shiru, da an wuce wurin. Amma an taɓo aikin da ya fi alfahari da shi a duniya.

"Wushirya?" in ji shi, yana murmushi. "Kin san awa nawa na yi ina fitar da wushiryar nan? Ta asalin ma ba ta kai ta kyau ba. Shekara goma sha ɗaya, ko uwarta ba ta gane ba!"

Matarsa ta fizge hannunta. Ta ɗauki kwanon abincin da ta kawo, ta juya, ta tafi da shi.

Ba ta kai kwanar titi ba wata ƙaramar mota ta tsaya. Mace ce ta fito, matashiya, da fayil a hannu da katin aiki a wuya. Ba mai ɗaukar hoto. Dakta ya gyara farar riga ya tare ta.

"Sannu da zuwa, 'yata. Babban bai samu zuwa ba ke nan? Ba komai, ki kai masa labari. Ga shi, kwana uku cif, ko awa ɗaya ban ƙara ba."

Ta karanta allon. Ta bi sahun bakunan da ido. Ta dubi taron, inda mutum biyar ko shida suka ɗaga waya suna ɗauka.

"Baba, mene ne wannan?"

"Sanarwa."

"Kwamfutar da ta ɓata, a buɗe take ko a kulle?"

"A kulle mana. 'Yata ta fari ce ta haɗa ta, a wajen aikinsu ta koyo. Ta sa mata wata doguwar kalmar sirri, ta ce ko an ciro cikinta ba mai iya karanta komai. Ni kaina sai na gwada sau uku take buɗewa."

"Ka rubuta kalmar a jikinta?"

"Ni yaro ne?"

Jami'ar ta rufe fayil. "To Baba, in haka ne, wanda ya tsince ta ƙarfe ya tsinta. Da ka bari na gama tambayarka a waya, da na gaya maka. Mu dai ka sanar da mu, ka yi daidai, a nan aikinka ya ƙare. Ba abin da ya fita ranar Talata."

Dakta ya juya ga taro. "Kun ji? Ta ce na yi daidai."

"Ranar Talata na ce. Yau kam ya fita." Ta nuna teburin da biro. "Wannan bayanin lafiyar mutane ne, ka baza a titi. Mutum arba'in da ɗaya. Shi ne abin da dokar ta hana, kuma shi ne wanda dole a sanar da kowannensu."

Wani daga baya ya ce, "Ai sun ji!"

Dariyar ba ta gama sauka ba taro ya dare biyu. Mai nama ne, da rigar aikinsa, jini a gaba. Hedimasta na bin sa a baya da lema a naɗe, gwaggo mai kanti na bin hedimasta. Mai nama ya tako gaba. Ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin tebur ya kifar.

Bakuna suka watse a titi. Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi. Mutanen da suka yini a bayan taro baki a rufe suka yi kukan kura, kowa na neman nasa ya taka. Da haka aka san sauran. Mai gidan haya na tsalle a kan na uku. Mai taya ya fasa na bakwai, ya duba, ya ga ba nasa ba ne, ya nemi wani. Hedimasta na dukan na ashirin da lema, cikin natsuwa, kamar mai horon ɗalibi.

"Kayan aikina!" in ji Dakta. "Ku bari! Sai kun sa hannu!"

Ya yi tsalle zai ceci na tara daga ƙafar gwaggo. Ya taka wani muƙamuƙin ƙasa, ya zame, ya tafi gaba ɗaya. Bakinsa ya haɗu da ƙafar teburin da ke sama. Aka ji ƙas.

Ya tashi zaune a cikin garin siminti, farar riga ta zama abin da ta zama. Ya tofa a tafin hannu. Biyu ne, na gaba, na sama. Nasa na gaske, waɗanda bai taɓa ko ciwo da su ba.

Mai guga ya sunkuya ya leƙa. "Lamba arba'in da biyu," in ji shi, ya koma shagonsa.

Jami'ar ta jira aka watse. Ta sa aka kwashe abin da ya rage aka zuba a cikin shagon, ta rufe ƙofar gaba ta manna takarda mai hatimi, ta shiga ta wajen mai guga ta manna wata a 'yar ƙofar. Ta ce ba aiki sai an gama bincike, ya zo ofis ranar Litinin. Dakta ya so ya yi mata bayani, amma duk kalmar da ya fara sai iska ta fita ta giɓin. Ta ba shi hankici ta shiga mota.

A gida ya tarar da ƙofar ɗaki a kulle ta ciki, tukunya a wanke a kife.

Washegari da safe ya fita da tsohuwar riga ruwan toka da takunkumi a fuska. Bai hau bas a tasharsu ba, sai da ya taka zuwa ta gaba. Ya sauya mota sau biyu, ya sauka a can ƙarshen gari, inda wani mai haɗa haƙora yake da shago a saman bene. Ya zagaye ginin sau biyu yana duban ko akwai wanda ya san shi, sannan ya hau.

Mutumin ya miƙo masa fom. A wajen suna Dakta ya rubuta na wani kawunsa da ya rasu. A wajen lambar waya ya rage lamba ɗaya. A wajen sana'a ya daɗe, ya bar shi fari.

"Wa ke ganin wannan takardar?" ya tambaya ta cikin takunkumi.

"Ni kaɗai, Baba. A kwamfuta nake sawa."

"Kana hawa tasi da ita?"

Mutumin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya zaunar da shi a kujera, ya kunna fitila, ya ɗauko kyamara.

"Cire takunkumin. Yawwa. To, buɗe baki in ɗauki na kafin gyara."

Dakta ya dubi kyamarar. Ya daɗe bai buɗe ba.